Zaratan Soja da Dakarun Musamman: Ina Aka Rabu?

Mogadishu, 3 ga Oktoba, 1993. Da la'asar jirage masu saukar ungulu na Amurka suka zubo sojoji kusa da kasuwar Bakara, don su cafke wasu manyan na hannun daman Janar Aidid, madugun wani ɓangare na mayaƙan Somaliya. To, ku lura da yadda aka raba aikin. 'Yan Rangers suka sulalo ta igiya, suka tare kusurwoyi huɗu na wurin, ba shiga ba fita. 'Yan Delta kuwa, su suka faɗa cikin gidan.

Mutane kan haɗa su duka su ce "sojojin ƙundumbala". Ba haka abin yake ba.

Zaratan soja, irin sojojin laima na Ingila ko Gurkha na Nepal, yaƙin da kowane soja ya sani suke yi: su kama gada, su ƙwace filin jirgi, su riƙe fagen daga. Sai dai an tace su, an gasa su da horo, ga saurin isa wuri. Bataliya guda suke tafiya, ɗaruruwa, da manyan bindigogi a bayansu. Rangers kuwa a tsakanin rukunin biyu suke, don a takarda suna ƙarƙashin rundunar ayyukan musamman ne.

Dakarun musamman fa, irin su 'yan Delta? Aikinsu daban ne tun daga tushe. A 1941 David Stirling ya kafa SAS, rundunar musamman ta Ingila, a Arewacin Afirka da 'yan tsirarun mutane, suna ratsa hamadar Libiya cikin dare, su dasa wa jiragen Jamus da Italiya bam a inda aka ajiye su, su sulale kafin gari ya waye.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika nunawa ba, wanda a ganina shi ne gishirin maganar. Green Berets na Amurka, da aka kafa a 1952, tawagarsu mutum 12 ce kacal. Akwai ma'aikacin jinya, akwai gwanin sadarwa, akwai masanin makamai, kuma ana koya musu harsuna. Yawancin aikinsu zama da sojojin wata ƙasa ne, a ci tare, a horar da su.

Irin wannan tawaga ce aka yi wa kwanton ɓauna a Tongo Tongo, a jihar Tillabéri ta Nijar, ranar 4 ga Oktoba, 2017. Sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar. Da yawa daga Amurkawa sai a ranar suka ji cewa suna da soja a Nijar.