Ina Kuɗin Shagonka Suke Kwana?

[Hoto: Babbar Kasuwar Maraɗi da sassafe, hazo ya rufe gari, ana ɗaga ƙofofin shaguna]

Hunturu ya shigo, kaka ta wuce, gero da wake da aya sun shigo gari daga ƙauyuka. Shekara ta zo ƙarshe. Yanzu ne mai shago zai jawo littafinsa ya duba: bana an ci riba, ko kuwa uwar kuɗi aka yi ta ci ba a sani ba?

Kafin mu buɗe littafin, Alhaji, ga tambaya ɗaya. Idan ka rufe shago bayan isha'i, ina kuɗinka suke kwana?

A da amsar ba ta da wuya. Suna cikin aljihun tebur, ko cikin lalita, sauran kuma suna hannun masu bashi. Yau sun rabu gida huɗu ko biyar. Wasu na aljihun tebur. Wasu na cikin waya, a Airtel Money ko Moov Money. Wasu na kamfanonin tura kuɗi irin Nita ko Amana, suna jiran a je a karɓo. Wanda ke hulɗa da Jibiya, Katsina da Kano kuma, yana da wasu a naira, a asusun wani ɗan'uwa ko ɗan canji da ya yarda da shi.

[Hoto: hannu na danna waya, gefe ga tarin kwali]

Mutanen Maraɗi ba sha'awar na'ura ce ta kai su ga wannan ba. Dole ce. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A ƙarshen 2022 aka sauya takardun naira, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai sayar da tumatir a Kano ya koyi karɓar taransifa. Sai ga takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: aka rufe hanyar Ɗan Isa, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a sassauta ba sai cikin 2024. Kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Duk lokacin da aka tare mutum da mota, kuɗi sai suka nemi hanyar da ba ta da shinge, suka bi ta waya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wayar da ake karɓar kuɗin shago, ita ce ake sayen kati da ita, ita ake turo wa da saƙon "yaro ba lafiya", ita ake biyan gudunmawar biki da ita. Jaka biyu nan, jaka biyar can. Ƙarshen shekara sai ka ga kantoci sun yi sauƙi, kuɗi kuma babu, ka fara zargin yaron shago, alhali ɓarawon yana cikin aljihunka. Layin waya biyu ya kamata mai shago ya riƙe, ɗaya na kasuwa, ɗaya na gida. Kuma duk kuɗin da ya shigo ta waya a rubuta shi a littafi a ranar, tare da ladan cirewa, domin wannan ladan yana cin riba a hankali kamar gara.

Sai batun saƙon ƙarya. Mutum zai tsaya gabanka ya nuna maka hoton rasit a wayarsa, ya ce ya tura. Hoton da ke wayarsa ba shaida ba ne. Ka duba naka asusun, ka ga kuɗin sun ƙaru, sannan kaya su fita. Lambar sirri kuwa, ko wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, ba ya da hurumin tambayarta.

Akwai wani sauyi da ya kamata a sa wa ido. A ƙarshen Satumban 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biya nan take mai suna PI-SPI, domin kuɗi su riƙa wucewa tsakanin banki da asusun waya, ko daga wannan kamfani zuwa wancan, a ƙasashe 8 masu amfani da sefa ta yammacin Afirka. Idan ya zauna da gindinsa, zancen "ni ba ni da irin layinka" zai ragu. Naira dai ba ta ciki, don haka 'yan canji suna nan daram.

[Hoto: mace a tsakar gida tana ɗaukar hoton atamfa da turare]

Shagon da ya fi bunƙasa a 'yan shekarun nan, a ganina, ba shi da ƙofa ma. Hajiya na zaune a ɗakinta a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ta ɗora atamfa da leshi da humra a WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, ɗan kabu-kabu ya kai kaya, kuɗi su shigo ta waya. Ba haya, ba fatanti. Saƙon murya shi ne sirrin abin, domin bai tambayi ko ka yi lakwal ba. Mai shago a bakin kasuwa da ke ganin wannan wasan yara ne, ya tambayi kansa ina matan da suka saba zuwa wurinsa ranar Litinin da Juma'a.

Duk wannan kuwa sai da wuta da rezo. Shi ya sa faranti mai zuƙar hasken rana da batir suka zama kayan shago kamar sikeli: mai firji, mai cajin waya, tela, mai aski. Wanda ya lissafa abin da janareto ya sha na mai daga Maris zuwa Mayu, shi zai gaya maka dalili. Starlink ma, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya samu izinin aiki a Nijar, ya fara a 2025, sai dai ga ƙaramin shago ya yi tsada, sai in maƙwabta sun haɗa kai, ko mutum ya mai da shi sana'a yana sayar da intanet ga 'yan layinsu.

Ƙirƙirarriyar basira (AI) da ake ta surutu a kai fa? Tana da amfani wajen juya wasiƙa daga Hausa zuwa Faransanci, ko tsara saƙo ga dillali a Lome ko Sin. Amma kar ka tambaye ta farashin tiyar wake na yau. Za ta ba ka amsa da ƙarfin hali, kuma ba ta taɓa taka kasuwa ba.

[Hoto: aikin shimfiɗa layin dogo]

Can kuma ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara aiki, lissafin kuɗin mota zai canja, wasu shaguna su tashi, wasu su kwanta. Wannan na gaba ne.

Na yau shi ne takarda ɗaya. Ka ja layi huɗu: abin da ke aljihun tebur, abin da ke waya, abin da kake bin mutane, abin da ake bin ka. Kayan da ke kan kanta ka ƙirga su da farashin da za ka sake saro su gobe, ba da wanda ka saro su bara ba. Na naira kuma ka juya su zuwa sefa da canjin ranar da kake lissafin.