In jikin majinyaci ya rikice cikin dare, me za a yi?

Assalamu alaikum mutanen Damagaram. Yau maganarmu kan mara lafiyan da likita ya ce ciwonshi ba na warkewa ba ne, sai dai a rage mishi raɗaɗi, kaman mai ciwon daji, wato kansa, da ta yi nisa, an dawo da shi gida ana jinya. Toh in jiki ya rikice ƙarfe 2 na dare fa?

Abin da ke min ciwo shi ne da an ji "ba magani" sai a ɗauka duk abin da ya taso ajali ne a zuba ido. Wallahi ba haka ba ne, akwai wanda ake iya tarewa. Misali mai kansa ya fara kukan sabon ciwon baya, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, wannan alama ce ciwon ya danne lakar baya, kar a ce sai gobe, ranan za a kai shi babban asibitin Zinder, akwai maganin da ke sauke kumburin, dexamethasone, in aka makara ƙafan na iya shanyewa ke nan. Wani ma sai an tura shi Yamai a gasa ciwon da hasken na'ura, kusan kilomita 900, kun ga ba abin jinkiri ba ne.

In numfashi ne ya sarƙe, ku tada shi zaune ku jingina shi da matashi, a buɗe taga, a samu mafici ana mishi fifita a fuska, iskan nan na taimakawa sosai. Kuma dan Allah a rage taro, mutum 10 a ɗaki ɗaya ana kuka, tsoro kawai ke ƙara mishi.

Jijjiga kuma, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa cokali a baki, in ta wuce minti 5 sai asibiti. In jini ne ya ɓalle ku danne wurin da zane mai duhu, baƙi ko shuɗi, dan kar ya ga ja ya firgita, kuma mutum ɗaya ya zauna da shi ya riƙe mishi hannu, wani ya je neman mota.

Mai shan morfin, maganin nan mai ƙarfi na rage raɗaɗi, kar ku tsaida mishi dan tsoro, magani ne na gaske. Amma in barci ya yi nauyi ba ya tashi, numfashi ƙasa da 8 a minti, ƙwayar ido ta tsuke kaman kan allura, ku dakata da shi ku kira likita nan take, akwai allurar da ke karya shi.

Sai kakarin nan na ƙarshe da ake ji a maƙogwaro. Na san yana tada hankali, amma yawanci mu ya fi damu, ba shi ba. Ku juya shi ta gefe. Kar a ɗura mishi ruwa ko rubutu in ba ya iya haɗiya, huhu zai tafi ya shaƙe, a jiƙa auduga a shafa mishi a leɓe, ana laƙana mishi kalmar shahada a hankali.

Tun jiki na da dama ku zauna da likita da shi mara lafiyan, ku tambayi mara lafiyan in abu ya taso asibiti yake so ko gida. Lambar likitan da ta mai motar unguwa ku rubuta a takarda, ku haɗa da ordonansi, wato takardar magani, a leda ɗaya ku rataya a bakin gado.