Muhawarar 'Yan Takarar Mataimakin Shugaban Ƙasa: Me Muke Saurare, Me Ke Wuce Mu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ranar Juma'a, 14 ga watan Disamba na 2018, da dare, mutum biyar suka tsaya gaban kyamara a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja, kowannensu yana neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Akwai Farfesa Yemi Osinbajo na APC, wanda yake kan kujerar a lokacin. Akwai Peter Obi na PDP, abokin takarar Atiku Abubakar. Sai Ganiyu Galadima na ACPN, da mata biyu, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN da Umma Getso ta YPP. Ƙungiyar NEDG mai shirya muhawarar zaɓe da ƙungiyar kafafen yaɗa labarai ta BON ne suka shirya zaman, aka nuna shi kai tsaye a talabijin.

Wanda ya san Bauchi ya san abin da ke biyo bayan irin wannan dare. Gari na wayewa, daga teburin mai shayi a Wunti har rumfunan kasuwar Muda Lawal, tambayar ɗaya ce: wa ya kayar da wani? Mutum zai zaro waya ya ce, "Malam, duba nan ka ga yadda ya rufe masa baki." Ka karɓa ka duba, sai ka tarar guntun bidiyo ne da bai kai minti ɗaya ba, an yanko shi daidai inda gwaninsa ya burge, an yar da amsar abokin hamayya. Na kusa da shi kuma yana da nasa guntun a WhatsApp mai nuna akasin haka. Kafin shayi ya huce an rabu gida biyu, alhali da yawa cikin masu gardamar ba su kalli zaman daga farko zuwa ƙarshe ba.

Ban ga laifinsu sosai ba. Da Turanci aka yi muhawarar, Turancin ma na tattalin arziki, mai cike da alƙaluma. Manomi a Ganjuwa ko mai sayar da hatsi a Azare sai dai ya jira taƙaitaccen bayani a rediyo. Wato abin da ya iso kunnensa, wani ne ya riga ya tace masa.

To me aka faɗa a daren?

Musayar da ta fi yawo ita ce ta batun cin hanci. Obi ya nuna cewa yaƙi da rashawa kaɗai ba manufar tattalin arziki ba ce, ba zai yiwu mutum ya kulle shagonsa ya tafi bin ɓarayi ba. Osinbajo ya mayar masa da cewa in aka bar ɓarayi suka kwashe kayan shagon, ai babu sauran shago. Magoya bayan kowane ɓangare suka ɗauki rabin da ya yi musu daɗi. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta gaya maka yadda za a samar wa matasa aikin yi ba, ba ta kuma gaya maka yadda za a hukunta ɓarawon ba.

Inda ainihin nauyin yake shi ne tallafin man fetur, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. A lokacin ana sayar da lita kan naira 145. Obi ya ce tallafin asara ce, gara a karkatar da kuɗin zuwa ilimi da lafiya. Osinbajo ya kare shi, ya ce cire shi zai sa farashi ya tashi, talaka ya ji a jikinsa. Ku dubi abin da ya faru daga baya. Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu, ɗan jam'iyyar da ta kare tallafin a wancan dare, ya sanar da ƙarshensa a jawabin rantsar da shi. Cikin 'yan kwanaki lita ta koma wajen naira 500. Duk mai hawa ɗan sahu daga Yelwa zuwa cikin gari, duk mai tayar da injin ban ruwa a fadama, ya san sauran labarin. Wannan muhawara da aka ɗauka wasan baki ce, a cikinta aka tattauna abin da ya zo ya taɓa tukunyar kowane gida bayan shekara huɗu da 'yan watanni.

Sannan akwai alƙaluma. Obi ya ce motocin da ke Najeriya kusan miliyan 2 ne, masu bin diddigi suka fito da bayanan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke nuna sun haura miliyan 11. Osinbajo ya zargi gwamnatocin PDP da yin watsi da babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, aka tuna masa cewa Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin sake gina ta a 2013. Mai magana da ƙarfin gwiwa, yana jero lambobi ba ya inda-inda, yakan yi kama da mai gaskiya. Shi ya sa hukuncin daren muhawara bai kai na bayan kwana biyu ba, lokacin da 'yan jarida suka gama bincika abin da aka faɗa.

Wani zai ce, to ai mataimaki ne kawai, me ya isa ya yi? Nan ne nake ganin muna cutar kanmu.

Sashe na 146 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce idan shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimakinsa ne ke hawa kujerar. Mun gani da idonmu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kwanta jinya, Majalisar Tarayya ta mai da Jonathan muƙaddashi a watan Fabrairun 2010, sannan da Allah Ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa ranar 5 ga Mayu, Jonathan ya zama shugaba. A 2017 Osinbajo ya riƙe ƙasar sama da kwana 100 a jere lokacin da Buhari ke jinya a Landan. A watan Agustan 2018, yana muƙaddashi, shi ya sallami shugaban hukumar DSS, Lawal Daura. Ban da haka, mataimaki ne ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama. Gwamnan Bauchi da na Gombe, a gabansa suke zama idan ana maganar kuɗi da tsare-tsaren jihohi. A yau Kashim Shettima ne, ɗan Borno, ɗan shiyyarmu ta Arewa maso Gabas, ke kan wannan kujera.

Shin muhawarar tana sauya ƙuri'a? Da wuya ta yi hakan ita kaɗai. A Amurka, a 1988, kusan kowa ya yarda Lloyd Bentsen ya fi ƙarfin Dan Quayle a muhawararsu ta 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa, amma tikitin Bush da Quayle ne ya ci zaɓe. A nan gida ma, muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa da ta biyo baya ranar 19 ga Janairu 2019, Buhari bai halarta ba, Atiku ya zo zauren ya juya da ya ga haka, kuma su biyun ne suka kwashe kusan dukkan ƙuri'un. Sai dai kada wani ya ce mutanenmu ba sa tunani kafin su dangwala. A 2019 ɗin nan Bauchi ta ba Buhari na APC ƙuri'u masu rinjaye, bayan 'yan makonni ta juya ta zaɓi Bala Mohammed na PDP a matsayin gwamna. Masu zaɓen da suka iya bambancewa haka, sun cancanci a kawo musu muhawara cikakkiya cikin harshen da suke ji.

Wannan shi ne roƙona ga gidajen rediyonmu, irin su BRC da Globe FM da Albarka, da takwarorinsu na Gombe. Idan an sake yin irin wannan zama, a fassara shi gaba ɗaya, tambaya da amsarta, a maimaita da safe, a kawo masana daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko Jami'ar Jihar Gombe su warware alƙaluman, a buɗe layin waya. Masu shirya muhawarar kuma a matsa musu su sa tambayoyinmu a ciki. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, tun watan Nuwamban 2022, ina aka kwana? Ruwan madatsar Daɗin Kowa, kadada nawa zai shayar, kuma yaushe? Yaran da ba sa zuwa makaranta, da wane kuɗi za a mayar da su aji, daga wane asusu?