Fodkas: "By Monday" da sauran kalmomin lokaci a Turanci

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ni ce Binta, tare da Malam Sani, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandare, da kuma Isufu, ɗan Maraɗi da ke karatu a nan Kano. Malam, da ɓacin rai na zo yau. Ƙanwata ta nemi aiki a wani kamfani, aka rubuto mata cewa ta kai takardunta "by Monday". Sai ta ɗauka daga Litinin ɗin za a fara karɓa. Ta je Talata da hantsi, ta tarar an rufe.

Malam Sani: Subhanallahi. Allah ya musanya mata da mafi alheri. Kin ga kalmar harafi biyu ce, amma ita ce iyaka. Idan Bature ya ce "by Monday", yana nufin a kai kafin Litinin, ko a ranar Litinin ɗin, kada dai ta wuce. Ba laifin yarinyar ba ne kaɗai, domin mu a Najeriya mun karkatar da kalmar. Ki duba katin biki, za ki ga an rubuta "by 4pm", alhali ana nufin ƙarfe huɗu za a fara. A daidaitaccen Turanci "at 4pm" ya kamata a sa.

Isufu: To Malam, mene ne bambancinta da "until"?

Malam Sani: "Until" ita ce "har". "I will wait until five", zan yi ta jira har ƙarfe biyar, wato jiran bai yanke ba. "I will come by five" kuwa, zuwa ɗaya ne, kuma biyar ba za ta wuce ban iso ba.

Binta: Ni abin da ya fi wahalar da ni a makaranta shi ne "at" da "on" da "in".

Malam Sani: Ai mu ma muna da irinsu, ba ma lura ne. Muna cewa da ƙarfe biyu, ran Juma'a, a watan Mayu. Su kuma agogo "at", rana "on", wata da shekara "in". Isufu, gwada mana da ranar 'yancin ƙasarku.

Isufu: "Niger became independent on 3 August 1960."

Malam Sani: Madalla. Da shekarar kawai ka faɗa, sai ka ce "in 1960". Akwai 'yan bauɗaɗɗu da sai dai a haddace: "in the morning", "in the evening", amma "at night". Da zarar an ambaci sunan rana kuma, "on" ce ke dawowa: "on Friday morning".

Isufu: Mu da muka taso da Faransanci, tarkonmu daban ne. Kalma ɗaya, "depuis", ita ke ɗaukar "since" da "for" duka. Shi ya sa za ka ji ɗan Nijar ya ce "I am here since three years".

Malam Sani: A wannan jimla kuskure biyu ne, kuma duk shekara ina ganinsu a rubutun ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO. "Since" tana son wurin da aka faro, kamar yadda muke cewa tun safe, tun bara, tun 2019. Tsawon lokacin kuwa na "for" ne: "for three years". Sannan aikatau ma sai ya sauya. Bahaushe yana cewa ina nan tun safe, bai taɓa komai ba. Bature ba zai bar "I am" a wurin ba, sai ya ce "I have been here since morning". Idan kuma abin ya wuce ya ƙare, "ago" ce: "I came three years ago".

Binta: Malam, a yi mana maganar "next tomorrow". Kowa na faɗa, har masu digiri.

Malam Sani: Turancin Najeriya ne, kuma ba na raina shi, domin buƙata ce ta haife shi. Ki duba arzikin Hausa: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta. Ga bara, bana, baɗi. Bature na yau ba shi da kalma ɗaya tilo ta jibi, sai ya jero "the day after tomorrow". Gata kuwa sai ya ce "in three days". Da ɗan Najeriya kike magana, zai gane "next tomorrow". A jarrabawa ko wasiƙar neman aiki, kada ki kuskura. Haka nan "today morning" da "today night": "this morning" ake cewa, da "tonight". Daren jiya kuma "last night".

Isufu: Na taɓa karanta "fortnight" ban gane ba.

Malam Sani: Mako biyu ke nan, mutanen Ingila sun fi amfani da ita. Asalinta dare goma sha huɗu. Ka ga a nan sun yi kama da mu, da muke ƙirga kwana, wato daren da aka kwanta.

Binta: Tunda an zo kan dare, ga wadda ta taɓa haɗa rigima a gidanmu. Yayana da ke waje ya rubuto zai iso "Friday night". Hajiya ta sa aka yi girki ran Alhamis da daddare.

Malam Sani: Hajiya ta bi lissafin da ta tashi da shi, kuma lissafi ne mai tushe. A ƙidayar Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, shi ya sa dattawa ke kiran daren da za a wayi gari Juma'a da daren Juma'a. "Friday night" kuwa daren da ke biyo bayan yinin Juma'a ne, wanda a wancan lissafin daren Asabar ne. Su Turawa a wurinsu sabuwar rana ƙarfe 12 na dare take shiga. Nan ne mutane ke rasa jirgi. Tikiti ya ce "12:30 a.m. Friday", mutum ya je filin jirgi Juma'a da daddare, alhali jirgin ya tashi tun daren da Hajiya ke kira daren Juma'a.

Isufu: A Nijar agogon awa 24 ake rubutawa a takardun hukuma, ƙarfe 14 shi ne biyun rana. Wannan a.m. da p.m. daga ina suka fito?

Malam Sani: Daga Latin. Na farko kafin rana ta yi tsaka, na biyu bayan ta yi tsaka. Sha biyun daidai ce mai rikitarwa, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su rubuta "noon" ko "midnight" kawai.

Binta: Faɗin ƙarfe nawa dai ya fi sauƙi, tunda kwata da minti da awa duk daga gare su muka aro.

Malam Sani: Haka ne. Takwas saura kwata, "a quarter to eight". Bakwai da rabi, "half past seven", wanda mutumin Landan kan taƙaita ya ce "half seven". A kula da kwanan wata kuma: 3/4 a Ingila da Najeriya uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris.

Isufu: Saura ɗaya, Malam: "on time" da "in time".

Malam Sani: An ce taro ƙarfe tara, ka shigo tara daidai, ka zo "on time". "In time" kuwa ka iso kafin abu ya kuɓuce maka. Wanda ya riski liman a ruku'u bai zo "on time" ba, amma ya zo "in time", tunda ya samu raka'ar.

Binta: Wannan misalin zan kai wa ƙanwata yau da yamma, akwai wata takardar da aka ce ta kai "by Thursday".