Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Jawo Intanet Ofishinka

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Duk ɗan kasuwar da zai jawo intanet ofishinsa, takarda ake miƙo masa cike da haruffa da lambobi. Yawanci lambar da ta fi girma yake dubawa, sai ya sa hannu.

To, bari mu fara da ita. A ce an rubuta 100 Mbps, wato saurin layin megabit 100 ne a kowace daƙiƙa. Dubi ƙaramin harafin "b" ɗin nan da kyau, bit yake nufi, wato ma'auni mafi ƙanƙanta na bayanan kwamfuta. Fayilolin da ke cikin kwamfutarka kuwa da bayit ake auna su, da babban "B", kuma sai bit 8 sun haɗu suke yin bayit 1. Ke nan iyakar abin da wannan layi zai sauko maka da shi a daƙiƙa ɗaya megabayit 12.5 ne. Fayil mai gigabayit 1, wato megabayit 1,000, zai ci daƙiƙa 80, shi ma in kai kaɗai ne a kan layin.

Sai ka tambayi kamfanin intanet ɗin: lambar nan ta saukewa ce ko ta ɗorawa? Layuka da yawa suna da ƙarfin saukewa, amma wajen ɗorawa sai su yi sanyi. Ofishin da ke taro ta bidiyo ko yake aika manyan fayiloli, a nan zai ji jiki.

Akwai kuma jinkiri, wanda ake aunawa da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Intanet ɗin da ke bi ta tauraron ɗan adam mai nisan kusan kilomita 36,000, saƙo kan ci wajen ms 600 kafin ya je ya dawo. Shi ya sa za ka yi magana, ka ji shiru, kana sake buɗe baki abokin cinikinka shi ma ya fara.

Amma wurin da na fi so ka tsaya ka karanta a tsanake shi ne SLA, yarjejeniyar da kamfani ya ɗauki alkawarin tsawon lokacin da layin zai yi aiki. Kashi 99 cikin 100 yana da daɗin ji, alhali ya ba su damar barinka babu intanet fiye da kwana 3 da rabi a shekara. A kashi 99.9 kuwa, rashin intanet ɗin bai kai awa 9 a shekara ba. Ka nemi a rubuta maka adadin da za a rage daga kuɗinka duk ranar da suka wuce wannan iyaka, da kuma awa nawa za su ɗauka kafin su turo mai gyara.