Ba faifan Ram aka saurara ba, McCartney aka hukunta

Jama'a masu sauraro, har gobe akwai masu nanata tsohuwar maganar nan cewa faifan Ram, wanda Paul McCartney da matarsa Linda suka fitar a watan Mayun 1971, shirmen mawaƙi ne da ya rasa alƙibla bayan watsewar ƙungiyarsa ta mawaƙa, wato Beatles. Maganar tana ƙona mini rai, domin tun ran gini ba faifan aka saurara ba, mutumin aka yanke wa hukunci.

A ƙarshen Disambar 1970 McCartney ya maka sauran abokansa uku a kotu a Landan yana neman a raba gari, saboda haka faifan ya fito ne a daidai lokacin da masu sharhin waƙa suke cike da haushinsa. Mujallar Rolling Stone ta yi masa kaca-kaca, John Lennon kuma, ɗaya daga cikin abokan nasa na Beatles, ya ɗauki hoto yana riƙe da alade don ya yi wa bangon faifan ba'a, wanda ke ɗauke da McCartney riƙe da ƙahonnin rago. Ina batun sauraro yake a cikin wannan?

Duk mai son gaskiya ya kunna waƙar Uncle Albert/Admiral Halsey ya natsu. Tana farawa a hankali cikin sanyin murya, sai a ji saukar ruwan sama da tsawa, sai ƙarar wayar tarho, kafin mai sauraro ya ankara busar ƙaho ta shigo, kiɗan ya sauya taki gaba ɗaya, amshi ya ɓarke kamar na yara a dandali. Gutsattsarin waƙoƙi ne daban-daban aka haɗa su wuri guda ba tare da an ji inda aka haɗa ba, kuma wannan aiki ne da sai gwani. Waƙar ta kai mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta kuma ci lambar yabon waƙa ta Grammy saboda tsarin kiɗanta, shi kansa faifan ya hau na ɗaya a Birtaniya.

Na yarda cewa baitocin wata waƙar faifan, Monkberry Moon Delight, ba su da wata ma'ana da za a kama, kuma McCartney ihu yake yi a cikinta har muryarsa ta dishe. To amma wa ya ce dole kowace waƙa ta zama wa'azi? Masu cewa Linda ba ta iya waƙa ba su cire muryarta daga amshin, su ji abin da zai rage.

Da aka sake fitar da faifan a 2012 masu sharhi sun yaba masa, kuma a 2020 ita dai Rolling Stone ɗin ta sanya shi cikin fayafayai 500 mafiya inganci a tarihi. Waƙoƙinsa na asali su ne dai na 1971. Haushin mutumin ne kawai ya huce.