Yadda dokar birni ke aiki: daga kiran sallah zuwa ledar kanti a Minneapolis

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

A ranar 13 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, kansilolin birnin Minneapolis da ke jihar Minnesota a Amurka suka kaɗa ƙuri'a kan gyara dokar hana hayaniya. Mutum 12 suka amince, ba wanda ya ƙi. Bayan 'yan kwanaki magajin gari Jacob Frey ya je masallacin Dar Al-Hijrah ya sa hannu. Daga nan masallatan birnin suka sami damar kiran sallah da lasifika sau biyar a rana, duk shekara.

Ku lura, babu hannun majalisar tarayya da ke Washington a wannan lamari, babu na gwamnan jiha. Kuma tun asali ba wata doka da ta ambaci kiran sallah ta haramta shi. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idar lokaci: irin wannan sauti sai daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare. To asuba kullum kafin bakwai take, kuma da bazara, saboda garin yana can arewa sosai, isha'i kan wuce ƙarfe goma. Wannan 'yar ƙa'ida ita kansiloli suka taɓa, kuma ikon taɓa ta a hannunsu yake.

Irin waɗannan dokoki da majalisar birni ke yi, ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, wata bana, wata tun zamanin kakanni. Don kada su watse sai a tattara su wuri guda, a jera su bisa maudu'i, kowane sashe da lambarsa. Wannan tarin shi ne kundin dokokin birni. A Minneapolis maganar hayaniya tana babi na 389. In an yi gyara, sai a cire tsohuwar jimla a sa sabuwa a gurbinta. Kundin yana intanet, kowa na iya buɗe shi a wayarsa kyauta.

Me ke cikinsa? Abubuwan ƙofar gida: lasisin mai gidan abinci, ajiye mota, kwashe shara, kiwon kare da kaji, inda za a yi shago da inda sai gidan zama. Ga misali ɗaya. Idan dusar ƙanƙara ta sauka ta tsaya, mai gida yana da awa 24 ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa. Mai shago ko babban gidan haya kuwa awa huɗu kacal na rana yake da su. In ya yi sakaci, maƙwabci na iya buga lamba 311 ya kai ƙorafi. Birni zai turo masu shebur su share, sannan a aiko wa mai gidan da takardar kuɗin aikin. A ganina dokar ta yi daidai, don tsohuwar da za ta zame ta karye a ƙofar gidanka ba ta da wanda zai tsaya mata sai wannan sashe.

Yanzu ta yaya magana ke zama doka? Birnin yana da mazaɓu 13, kowace da kansilanta. Kansila ne ke gabatar da ƙuduri, sai a miƙa shi ga kwamiti. Kwamitin yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma nan ne wurin da na fi so ku riƙe. Mazaunin gari, ko direban tasi ne ko mai shago, zai rubuta sunansa, a kira shi, ya tsaya gaban makirfo na 'yan mintoci ya faɗi abin da ke ransa, kansiloli na zaune suna saurare. A zaman da aka yi kan kiran sallah, har shugabannin Kirista da na Yahudawa sun tashi sun goyi baya. Kafin nan kuma al'ummar Somaliyawa ta unguwar Cedar-Riverside ta yi shekaru tana bin lamarin sannu a hankali, tun daga izini na musamman da aka ba masallaci ɗaya a azumin 2020. Daga kwamiti sai zauren majalisa, sai teburin magajin gari. In ya ƙi sa hannu ya hau kujerar na-ƙi, kansiloli 9 cikin 13 za su iya tsallake shi.

Masu kallonmu na Najeriya, tsarin ba baƙo ba ne a gare ku. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da shara, kuma kansiloli ne ke yi musu ƙa'idoji.

Sai dai ikon birni yana da iyaka, domin daga jiha yake samo shi, kuma gaba da gabanta. A 2016 Minneapolis ta yi dokar hana ba da leda a kantuna, za ta fara aiki 1 ga Yunin 2017. Ana saura kwanaki kaɗan, jihar Minnesota ta yi dokar da ta hana birane haramta leda, dokar birnin ta mutu ba ta yi aikin ko da yini ɗaya ba. Kansiloli suka sake shawara, suka ga jiha ta hana haramtawa amma ba ta hana sa kuɗi ba. Daga Janairun 2020 jakar ɗaukar kaya da aka ba ka a kanti, galibi sai ka biya senti 5.

Wani lokaci kuma birni ne ke yin nasara. A 2017 majalisar ta yi dokar ɗaga mafi ƙarancin albashi, a hankali, har zuwa dala 15 a awa, sama da abin da jiha ta ƙayyade. Wani kamfani ya kai ƙara yana cewa birni ya wuce gona da iri. A Janairun 2020 kotun ƙolin Minnesota ta yanke cewa adadin da jiha ta sa shi ne mafi ƙaranci, kuma babu abin da ya hana birni ƙarawa a kai.